Wai da gaske bakteriya na cinye baƙin man da ya zube a gareji?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku, ina karanta maikirobayoloji (ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta) a nan Gombe. Yayana bakanike ne, garejinsu na wajen Bolari, shekara da shekaru suna juye baƙin mai a ƙasa har wajen ya yi baƙi ƙirin ko ciyawa ba ta fitowa, ga rijiyar maƙwabta a bayan katanga. Wani ya kawo musu ruwa a jarka wai bakteriya ce a ciki, in an zuba sati ɗaya za ta cinye man. Gaskiya ne? Kuma na ji ance irin ƙwayoyin nan ne ke samar da enzayim ɗin da ke cikin omo, ina so in yi furojet ɗina a kai, dan Allah a ƙara min haske.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Toh maganar mai jarka akwai gaskiya a gindinta amma sati ɗayan nan ƙari ne na ɗan kasuwa, kar yayanka ya ba da ko sisi tukuna. Bakteriya na cin mai, wannan babu tantama, an daɗe da tabbatar da shi. Sai dai wanda zai ci man yana nan cikin ƙasar garejin tun tuni, abin da ya hana shi aiki ba ya cikin jarka. Zan zo kan wannan, bari mu fara da enzayim ɗin don tambayoyinka biyun uwarsu ɗaya.

Bakteriya da fumfuna ba su da baki ba su da haƙori. In suka tarar da abinci mai manyan sassa kamar sitaci ko furotin ba zai iya ratsa jikinsu ba, sai su fitar da wani sinadari waje ya farfasa abincin ƙanana tukuna su tsotse, kamar dai yadda ba a tuƙa tuwo da tsabar dawa sai an kai ta inji. Wannan sinadarin shi ne enzayim, kuma kowanne da abin da yake fasawa: amiles na sitaci, furotiyes na furotin, laifes na kitse da man girki, selules na zaren tsiro irin auduga da karan dawa. Amiles ba zai taɓa furotin ba ko ya kwana a kansa.

Ba sai ka je Turai za ka ga wannan aiki ba, ka je wajen masu daddawa. An dafa kalwa ta yi laushi, an wanke an cire ɓawo, an zuba a kwando ko masaki an lulluɓe da ganye da buhu an ajiye a ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku ka saka hannu za ka ji zafi a ciki, kalwar ta yi duhu tana yauƙi tana danƙo, ga warin nan da ke hawa kai. Mai wannan aiki yawanci wani nau'in bakteriya ne, Bacillus subtilis, da danginsa, furotiyes ɗinsa ke yanyanka furotin ɗin kalwa, ɗanɗanon da ke gyara miyar kuka daga nan yake, warin kuma amoniya ce ke tashi. Dangin wannan Bacillus ɗin, musamman Bacillus licheniformis, su ne kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya riƙa renonsu tun shekarun 1960 yana fitar da furotiyes ana zubawa a garin wanki, shi ya sa omo mai enzayim ke cire jini da miya da dattin wuyan riga ko da ruwan sanyi. Kafin nan akwai wani Bajapane Jokichi Takamine da ya yi rajistar haƙƙin wani amiles daga fumfunar Aspergillus oryzae a Amurka a 1894, sai Bajamushe Otto Röhm da ya fara saka enzayim a kayan wanki a 1913, amma nasa daga cikin dabbobin yanka yake cirowa, bai jure kaifin sabulu sosai ba. Da aka koma ga ƙwayoyin halitta ne kasuwar ta buɗe, tunda bakteriya in ta samu yadda take so cikin ƙasa da awa ɗaya ta ninka kanta, sa kuwa sai ka yi shekaru kana kiwo.

A masana'anta yadda abin yake, tanki ne na ƙarfe ƙato, wani ya fi ɗaki girma, a zuba abincin ƙwayar, sitaci ko sukari da garin waken suya da gishirin ma'adinai, a turara shi da tururi mai zafin digiri 121 don duk wani baƙon ƙwaya ya mutu, sannan a saka irin da ake so. Daga nan sai hura iska da juyawa ba dare ba rana, ana lura da zafi da tsamin ruwan, bayan 'yan kwanaki a tace a ware ƙwayoyin gefe, ruwan da ya rage a tattara enzayim ɗin a busar ko a bar shi ruwa-ruwa. Ka lura da "ba dare ba rana" ɗin nan, nan ne mu ake barinmu a baya, in wuta ta ɗauke awa biyu iska ta tsaya a tankin ƙwayoyin sun shaƙe, aikin sati ya tafi. Yawancin enzayim ɗin da masu biredi da kamfanonin lemo da na fata ke amfani da shi a ƙasar nan shigo da shi ake da dala.

Yanzu mu dawo gareji. Akwai kuskuren da nake yawan gani a furojet ɗin ɗalibai, sai yaro ya samu ƙwaya mai fitar da laifes ya rubuta cewa za ta cinye baƙin mai. Ba haka ba ne. Laifes man gyaɗa da manja da kitse yake fasawa, man inji kuwa daga ɗanyen fetur yake, gininsa daban ne kwata-kwata. Masu cin sa irin su Pseudomonas da Rhodococcus da Acinetobacter wata hanya suke bi, su manne a jikin ɗigon man, wasu su fitar da wani abu mai kama da sabulu da ke tsinka man ya gauraya da ruwa, su ja shi ciki, a can ne enzayim ɗinsu ke liƙa masa oksijin ya fara karyewa har a ƙarshe ya koma ruwa da iskar kabon da naman jikin ƙwayar. Kenan dole sai da iska, sai da laima, sai kuma naitirojin da fosforas, tunda man kusan kabon ne zalla, ba a gina jiki da kabon kaɗai. Lissafin da aka saba bi shi ne kabon 100, naitirojin 10, fosforas 1. Yanzu ka dubi ƙasar garejin yayanka, motoci sun daddanne ta ta zama kamar daɓe, mai ya toshe ƙofofin iska, rana ta Maris da Afrilu ta ƙona ta ƙurmus. Ko ka juye jarka goma mutuwa za su yi a wajen.

Abin da ya faru a Alaska a 1989 ya isa misali. Jirgin ruwan Exxon Valdez ya fashe ya zubar da ɗanyen mai sama da lita miliyan 40, a cikin hanyoyin da aka bi wajen gyaran gaɓar teku har da watsa taki mai naitirojin da fosforas don ƙwayoyin da ke wajen tun asali su samu ƙarfi, kuma an ga man ya fi saurin raguwa inda aka watsa. Duk da haka bayan shekaru ashirin in aka tona ƙarƙashin duwatsu inda iska ba ta kaiwa ana tarar da man yana nan. Akwai kuma Ananda Chakrabarty, masani ɗan asalin Indiya da ya haɗa wata Pseudomonas mai cin mai a ɗakin gwaji, shari'arsa ta kai kotun ƙolin Amurka a 1980 aka ba shi haƙƙin mallaka, ta yi suna sosai amma ba da ita aka share malalar mai ba. Baƙuwar ƙwaya in aka sake ta a ƙasa sau da yawa 'yan gida ke fin ƙarfinta. Ni ban ce kayan da ake sayarwa duk bogi ne ba, akwai na ƙwarai, amma jarkar da ba takarda ba sunan abin da ke ciki ba ranar lalacewa ban yarda da ita ba, kuma Pseudomonas aeruginosa da ke cikin gwanayen cin mai ita ce dai ke ruɓar da gyambo da ƙuna a asibiti, bakanike kuwa hannunsa ba ya rabuwa da yanka.

Abin da zan ba yayanka shawara mai araha ne amma yana son haƙuri. Na farko dai a daina zubarwa, a samu durom a riƙa tara man, in ba haka ba duk sauran aikin banza ne. Sai a kafce ƙasar da ta yi baƙi, kamar zurfin kamu ɗaya zuwa biyu ko har inda baƙin ya tsaya, a shimfiɗa leda mai kauri a gefe nesa da rijiyar a tara a kai, a gauraya da kashin kaji ko takin shanu da ya ruɓe, a ƙara buntun shinkafa ko garin katako don ta saki jiki iska ta ratsa. A riƙa yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama amma ruwa ba zai ɗiga ba, a juya da shebur duk sati, a yi mata rumfa saboda rana da ruwan sama kar ya wanke dattin ya kai kwata. In za a sa takin zamani a sa kaɗan, yuriya in ta yi yawa ita ma kashe ƙwayoyin take. Maganar watanni ake, uku, shida, wani sa'in fiye, baƙin mai ya fi dizal da kananzir taurin kai nesa ba kusa ba. Za ku ga wari na raguwa launin na komawa ruwan ƙasa, in kana son gwaji mai sauƙi ka shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya da wannan ƙasar ɗaya da ƙasa mai kyau ka ga bambancin tsirowa.

Amma akwai abin da bakteriya ba za ta iya ba ko ta shekara ɗari. Baƙin mai na ɗauke da ƙarafa da suka goge daga inji da sinadaran da aka ƙara masa, tutiya da tagulla da dalma, a gareji kuma ga ruwan batir ana zubarwa. Ƙarfe ba ya ruɓewa, iyaka ƙwaya ta riƙe shi ko ta canja masa kama, amma yana nan. Shi ya sa a Zamfara a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare ba bakteriya aka zuba ba, ƙasar gidajen aka kankare aka binne a rami aka kawo sabuwa. Don haka ko ƙasar garejin ta yi kyau a ido kar a shuka alayyafo ko tumatir a kai. Rijiyar nan kuma ita ta fi damuna a duk tambayarka, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai gwaji, in ana jin ƙanshin mai ko ana ganin kyalli a saman ruwan a daina sha tun kafin sakamako ya fito. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya sama da sau 900, kuma suka ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mu da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani kan iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamba 2022, wannan karatu namu ne, gara a ce akwai yaranmu da suka san ƙasar da ƙwayoyin cikinta tun kafin wani abu ya zube.

Furojet ɗinka kuma ga shi a hannunka, garejin yayanka ya ishe ka. Sai dai ka zaɓi ɗaya, ko enzayim ko cin mai, kar ka haɗa biyu kuɗi da lokaci ba za su kai ba. In enzayim ne, ka ɗauko daddawa ko ƙasar bola ka reni ƙwayoyin cikinta a faranti mai sitaci, bayan kwana ɗaya ko biyu ka kwarara ruwan aidin a kai, farantin duk zai koma shuɗi mai duhu sai zagayen ƙwayar da ke fitar da amiles za ka ga fili fes kamar zobe, wajen ta cinye sitacin. Ranar da ka fara ganin wannan zoben za ka ji daɗi wallahi. Matsalar ita ce yawancin furojet a nan suke tsayawa, a auna zobe da rula a ɗauki hoto a rubuta "wannan ƙwaya za ta yi amfani a masana'antu" shi kenan a ɗaure a jera a kanta, bana wani ya sake yin irinsa. Kai ka wuce nan ko da taku ɗaya ne, ka rene ta a kan dusar masara da buntun shinkafa da ɓawon rogo ka ga wanne ya fi ba da yawa, ka gwada enzayim ɗin a digiri 40 da 50 da 60 ka ga inda yake mutuwa, tunda mai masana'anta abin da zai fara tambaya kenan.

In kuma cin mai ka zaɓa, ka raba ƙasar gida huɗu a robobi, ɗaya ba a sa komai, ɗaya kashin kaji, ɗaya ruwan jarkar mutumin nan in zai ba ka kaɗan, ɗaya kuma ƙasar da ka kashe ƙwayoyinta a otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi. Ta ƙarshen nan kar ka bari a ce maka ba ta da amfani, ita za ta nuna maka man da rana da iska suka kwashe da kansu, in babu ita duk raguwar da ka gani za ka ɗora wa bakteriya. Kowane gida ka yi shi sau uku, ka riƙa auna man da ya rage duk sati biyu, ka nemi malaminka ya duba maka ko sashen kemistiri na da sinadarin hekzen na tatsar man kafin ka rubuta furofozal, kuma ka sa safar hannu duk sanda za ka taɓa ƙasar.