Ɗiyata tana jin ƙarar na'urar korar ɓeraye, ni ba na ji

Tambaya: Malam, na sayi wata 'yar na'urar korar ɓeraye da ake soka wa a soket. Mai shagon ya ce kunnen mutum ba ya kama ƙararta. To ga ɗiyata 'yar shekara tara ta ce wani siririn fito yana hana ta barci, ni da mahaifiyarta kuwa ba ma jin komai. Gaskiya ne ko raki?

Amsa: Malam, ba raki ba ne. Tun yau a cire na'urar daga ɗakinta.

Sauti kaɗawar iska ce, kuma yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya shi ke sa ya zama kauri ko siriri. Kunnen mutum mai lafiya yana kamawa daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000. Abin da ya haura nan shi ake kira altirasonik. Kare yana jin har kusan 45,000, jemage ma ya wuce 100,000, da shi yake gane hanya cikin duhu.

Sai dai 20,000 ɗin nan na yara ne. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi. Waɗanda ke kama siririn sauti su ke bakin ƙofa, su ne kuma suke fara lalacewa, saboda shekaru da hayaniya irin ta janareta da injin niƙa. Idan sun mutu ba sa dawowa. Shi ya sa manya da yawa ba sa wuce 15,000 ko 16,000. Wanda ya tashi da tsohuwar talabijin mai ƙeya zai tuna fiton da take yi, na kaɗawa 15,625, wanda yara ke ji tun daga tsakar gida, iyaye kuwa ko a jikinsu. A yankin Wales na Birtaniya har an ƙera wata na'ura a 2005, mai suna Mosquito, don korar samari daga ƙofar shaguna da sautin da su kaɗai ke ji.

Saboda haka abin da ya fi yiwuwa, na'urarka tana sakin wani ɓangaren ƙararta ƙasa da 20,000, kunnen yarinya yana cafkewa. Ainihin altirasonik ba a cika jin sa ta iska ba, amma gwaje-gwaje sun nuna ana iya jin sa idan ya bi ta ƙashin kai, kamar yadda ke faruwa da masu nutso a ruwa.

Su ɓerayen kuwa, kwana kaɗan suke sabawa da ƙarar. Da ni ne, da na toshe ramukan na ɗana tarko.