Yaya, ba caca muke yi a teburin nan ba

Yaya, na ga saƙonka tun daren Lahadi, na bari sai na samu natsuwa don amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce sau uku ka kalli bidiyon da na turo: manya da yara sun kewaye tebur, ga taswira shimfiɗe, ga 'yan mutum-mutumi, ana ta watsa 'ya'yan lido, wani yaro ya miƙe tsaye yana ihu. Ka tambaye ni ko caca muka koma yi a Ingila. Na kuma lura abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne inda ka ji ɗiyata tana ce mini "Baba, kar ka motsa daga nan", ni kuwa na bi maganarta.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. A Amurka aka ƙirƙiro shi, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974. Tushensa wasannin yaƙi ne da ake yi da ƙananan sojoji a kan tebur, sai suka ce maimakon mutum ya riƙe runduna guda, ya riƙe jarumi ɗaya tak, ya zama bakinsa da hannunsa. Mutum ɗaya kuma ya zama jagora: shi ke ba da labari, shi ke riƙe abokan gaba, shi ne alƙali in an yi gardama. Mu dokokin bugun 2014 muke bi. Iyalai huɗu ne, muna haɗuwa Asabar bayan Asabar, musamman da hunturu, lokacin da ƙarfe 4 na yamma gari ya riga ya yi duhu. Jagorarmu matar abokina ce. Ko sisi ba a ajewa a teburin, kuma babu wanda ke cin wani, domin duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke. Ko dai mu tsira tare, ko mu faɗi tare.

Amma na san wannan ba zai gamsar da kai ba muddin 'ya'yan lidon nan suna nan. To bari in ba ka labarin faɗan da ka gani a bidiyon daga farkonsa.

Mu huɗu ne a daren. Ni ne mai garkuwa da takobi. Ɗiyata, mai shekara 15, ita ce maharbiya mai saɓi-zarce da laɓewa. Ɗan abokina, sa'anta, shi ne mai sihirin labarin. Ƙaninsa mai shekara 12 shi ne mai warkar da raunuka. Labari ya kai mu wani tsohon kango, muna cikin wani siririn mashigi sai jagora ta ajiye wani ƙaton dodo a kan taswira, wanda littafin ke kira tirol, sannan ta jera gobilin shida a kan katanga, ƙananan halittu ne masu kwari da baka. Taswirar gida-gida aka zana ta, kowane gida ƙafa 5 ne. Mashigin faɗinsa gida biyu, dodon kuwa shi kaɗai yana cika gida huɗu.

Abu na farko, kowa ya jefa ɗan lido mai fuska 20 don a san wa zai fara. Ɗiyata ta zo ta farko, sai gobilin, sai mai sihiri, sai ni, sai ƙaramin, dodo a ƙarshe. Riƙe wannan jeri a ranka, Yaya, domin a kansa komai ya rataya daga baya. Kowane zagaye a cikin labarin daƙiƙa 6 ne kacal, amma mu a tebur mun ba kanmu minti ɗaya na shawara kafin kowane zagaye.

A mintin farko aka fara jayayya. Mai sihiri ƙwallon wuta ɗaya ya rage masa, ya riga ya kashe ɗayan tun farkon dare. Makami ne babba, ana jefa masa 'ya'yan lido 8 masu fuska 6, yana cin duk abin da ke cikin ƙafa 20 daga inda ya fashe. Yaron ya ce dodo zai buga wa, tunda makonni biyu da suka wuce wani tsoho a cikin labarin ya gaya mana cewa naman irin wannan dodo yana haɗewa da kansa, wuta ce ke hana shi. Ɗiyata ta ce a'a. Ta nuna masa gobilin ɗin sun cunkushe wuri ɗaya, kowannensu makin rai 7 gare shi (wato yawan raunin da zai iya sha kafin ya faɗi), ƙwallon wuta kuwa a tsaka-tsaki yana ba da 28, ko wanda ya kauce ya sha rabi ba zai kai labari ba. In aka bar su, kibiya shida ce za ta riƙa sauka a kanmu kowane zagaye. Dodo kuma, in ji ta, ba sai da babbar wuta ba, tsohon bai ce babba ba. Yaron ya ɓata rai amma ya yarda. Da layi ya zo kansa ya watsa 'ya'yan lido takwas a tebur, aka ƙirga 31, katanga ta zama wayam.

Ni kuma aka ce in toshe mashigi. Nan ne ka ji "kar ka motsa".

Ga lissafin da ke bayan maganar. Sulke da garkuwata maki 18 ne, wato sai bugu ya kai 18 kafin ya same ni. Duk bugun da dodo zai kawo ana ƙara masa 7 a kan abin da ɗan lido ya nuna, ke nan yana buƙatar 11 ko sama. Fuska 10 cikin 20, rabi da rabi. Bugu uku yake kawowa duk zagaye, cizo ɗaya da farata biyu. Amma doka ta ba ni zaɓi: in haƙura da sarana, in zuba hankalina duka a kan kare kai. In na yi haka, dole jagora ta jefa 'ya'yan lido biyu ta ɗauki ƙaramin, sai damar dodo ta sauko daga rabi zuwa ɗaya cikin huɗu. Kuma muddin ina tsaye daf da shi, kibiyar ɗiyata tana samun ƙarin 'ya'yan lido 3, don hankalinsa yana kaina. Mai caca yana jefawa ne ya jira abin da ya faɗo masa. Mu kafin a jefa mun riga mun yi aikin da zai sa sa'a ta rage iko a kanmu, kuma wannan aikin shi ne wasan. Da ka ji yadda yaron nan mai shekara 12 ya lissafa ɗaya cikin huɗun nan da ka, ba tare da biro ba.

Zagaye uku muka yi a haka. Ni ina tare hanya, su suna harbi ta bayana. Abin da ban haushi, domin duk lokacin da layi ya zo kan dodo sai jagora ta mayar masa da maki 10. Makin rai 84 littafin ya ba shi, mu a lokacin ba mu sani ba, ɗiyata dai tana rubuta abin da muka ci tana cire goma-goma. Ƙaramin ya yi ta aika masa wani harshen haske, yana zaton wuta ce, sai jagora ta buɗe littafi ta nuna masa cewa a doka haske ne, ba ya cikin abin da ke hana naman haɗewa. Bai yi musu ba, ya karanta da idonsa ya gyaɗa kai.

A zagaye na huɗu na yi kuskure. Jagora ta ce dodo ya fara tangal-tangal. Mai garkuwa yana da wata dama sau ɗaya kafin a huta, ya ninka saransa daga biyu zuwa huɗu. Zuciya ta ɗebe ni, na ce na gaji da tsayuwa. Ɗiyata ta ce in ƙara zagaye ɗaya, ba a kunna wuta ba tukuna. Ban saurara ba. Sara uku cikin huɗu suka shiga, dodo ya zube, teburin ya kaure da sowa.

Sai layi ya zo kan ƙaramin. Bakin wutar da za a ƙone dodon da shi yana cikin jakarsa, sanda ce mai tsumma a kai, kuma kunna ta da ƙyastu yana cinye aikin zagaye guda cur. Ya kunna, amma ba shi da sauran damar bugu. Wa ke biye da shi a jeri? Dodo. Jagora ta ɗaga mutum-mutumin da ta kwantar, ta tsayar da shi, ta ce ya dawo da maki 10. Ni kuwa na riga na saki kariya. Ta jefa, farce na farko ya shiga. Ta sake jefawa, 20 cif, wanda ke ninka 'ya'yan lidon rauni. Da makin rai 44 na shigo faɗan, 24 suka rage mini, bugun biyu suka kwashe su duka.

Idan jarumi ya faɗi ba ya mutuwa nan take. Duk lokacin da layi ya zo kansa yana jefa ɗan lido mai fuska 20. In ya samu 10 ko sama, maki ɗaya na tsira. In ƙasa, maki ɗaya na mutuwa. Tsakanin tsira da mutuwa, duk wadda ta fara cika uku shi ke nan. Ɗiyata ta harba ta kuskure. Mai sihiri ya aika ƙanƙara ta ci 7, saura 3. Ni na jefa, ya nuna 1, wanda a doka faɗuwa biyu ce lokaci guda. Saura ɗaya jarumin da na shekara ina wasa da shi ya tafi.

Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi tsit haka ba. Duk ido ya koma kan yaro mai shekara 12, ga shi riƙe da ɗan mutum-mutuminsa yana jujjuyawa. Muna da ƙa'ida ɗaya da ba a takawa: kowa na iya ba da shawara, amma mai jarumi shi ke yanke hukunci, ko uba ba ya karɓe wa ɗansa. Yayansa ya ce ya aika hasken nan ya kayar da dodo. Yaron ya ce in ya kayar da shi ba wuta, zai sake tashi da 10, gara ya bar shi a tsaye da kaɗan. Ya duba takardarsa ya gano cewa kalmar warkarwa ƙaramin aiki ce, ana iya haɗa ta da bugu a zagaye ɗaya. Ya dawo mini da maki 6. Sannan ya matso da jaruminsa gidan da ke kusa da nawa, gaban dodo, ya kai masa bakin wuta. Maki 1 kacal bakin wuta ke ci. Ya jefa, ya shiga. A wannan zagayen naman dodo bai haɗe ba.

Jagora ta ce dodon ya ji zafin wuta, ya manta da ni, ya juya kan mai riƙe da ita. Yaron ya san haka za a yi, don ni ya yi. Ya sha farce ɗaya, garkuwarsa ta tare sauran. Zagaye na gaba ɗiyata ta samu ƙarin 'ya'yan lidonta tunda akwai namu daf da dodo, ta zubar da shi. Wanda yake kwance sumamme sauƙin bugu gare shi, ana jefa biyu a ɗauki babba. Yaron ya ɗora masa wuta, layi ya zo kan dodo, bai tashi ba. Ihun da ka ji ke nan.

Game da maganar ɗiyata, Yaya, ban ji ta a matsayin raini ba. A gida ta san ni ubanta ne, tarbiyyarta ba ta canza ba. A tebur ta fi ni sanin dokokin, ta fi ni haƙuri, kuma a daren nan ita ce da gaskiya. Da aka tashi na faɗa a gaban kowa cewa gaggawata ce ta kusa kashe mu. Ina so yaran nan su ga babba ya amsa kuskurensa, su kuma saba da kawo hujja maimakon ɗaga murya. Akwai wani abu kuma da ban zata ba lokacin da muka fara. Tun farko jagora ta ce da Hausa za ta ba da labari, duk wanda bai gane ba ya tambaya. Yaran da ake fama da su kafin su haɗa jimla biyu, a teburin nan su ke neman kalma da kansu. Sulke, ƙyastu, kwanton ɓauna, duk a nan suka koye su, don in ba ka gane abin da jagora ta faɗa ba jaruminka ne zai sha wuya.

Batun sihiri kuwa ba kai ka fara damuwa da shi ba. A Amurka ma a shekarun 1980 iyaye da yawa sun tayar da hankali a kan wasan nan, suna zargin yana koya wa yara tsafi. Abin da ke cikin littafin lamba ce da awo: nisan ƙafa kaza, 'ya'yan lido kaza. Ba a karanta komai, ba a kiran kowa. Duk da haka akwai iyalai biyu a cikinmu da suka ce 'ya'yansu ba za su zauna ba, ɗaya saboda 'ya'yan lidon, ɗaya saboda kalmar sihirin kanta. Mun mutunta ra'ayinsu, ba wanda ya matsa musu, zumunci kuma yana nan yadda yake.

Asabar mai zuwa ta sama za mu ci gaba daga inda muka tsaya. Jarumina makin rai 6 gare shi, ƙwallon wuta ya ƙare, bakin wuta biyu suka rage a jaka, kuma kafin mu tashi jagora ta ce ana jin wani gurnani daga ƙarƙashin kangon. Yaran sun rabu biyu, wasu na cewa a ja da baya a huta, wasu na cewa in muka fita za a toshe mana mashigi. Ɗiyata ta ce in tambaye ka ra'ayinka, tunda yanzu ka san yadda filin yake. A gaida mutanen gida.