Mijina ba ya taɓa amsa laifi, ciwo ne ko hali?

'Yar'uwa, kin ce duk rigimar da ta taso sai maigidanki ya juya ta kanki, kullum shi ne mai gaskiya. Abin ya yi kama da wanda likitoci ke kira narsisizim, sunan daga tatsuniyar Girkawa ne, ta wani saurayi da ya ga fuskarsa a ruwa ya kamu da son kansa. Tun 1980 yake cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, amma fa ba duk mai girman kai ke da shi ba, likita ne kaɗai zai tabbatar.

Ni da uba mai irin halin nan na taso. A waje kowa yabonsa yake, a gida kuwa ɗa ɗaya ne ɗan lele sauranmu masu laifi, wallahi har yau ni da yayana ba ma shiri sosai, shi ya sa nake cewa ki lura da yaranki, kar su taso suna ganin su ne matsalar.

Kar ki ce wa maigidanki ga sunan ciwonsa, wuta za ki ƙara hurawa, gardama ma ɓata lokaci ce. Ki riƙa rubuta abin da ya faru, don irinsu sai su ce ba a yi ba har ki fara shakkar hankalinki. Kuma kar ki yarda ya raba ki da danginki.

In akwai duka ko barazana, ko barci ya fara gagararki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko da shi ya ƙi zuwa.