Sayen gem ta intanet ko faifai: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sayen gem ta intanet ya fi sayen faifai ko a tura maka a kasuwa. A kwamfuta dai ya fi, nesa ba kusa ba, muddin ka san dabarar data.

Abin da kake saya a Steam, wato shagon sayar da gem na kwamfuta ta intanet, lasisi ne da ke manne da asusunka. Ko kwamfutar ta lalace ko an sace ta, sai ka shiga asusun a wata ka sake saukewa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Faifai kuwa da ya karce shi ke nan, balle ma yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin sa shi. Na kasuwa kuma fasasshe ne, ba ya karɓar gyara daga kamfani, wani ma da bairos yake zuwa.

In gem ya ƙi tashi saboda kwamfutarka ba ta da ƙarfi, Steam na mayar maka da kuɗinka, in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Akwai babban ragin farashi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, Epic Games Store kuma, wani shagon gem na intanet, na bayar da gem kyauta duk Alhamis.

Inda gizo ke saƙa shi ne data. Gem ɗin Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman fili 150GB. To ba dole ka sauke da datarka ba. Ka saya a asusunka, ka kwafo foldar gem ɗin daga steamapps/common a kwamfutar abokin da ke da shi, ka zuba a wuri iri ɗaya a taka, sannan ka danna Install. Steam zai gano fayilolin, ya sauke abin da ya rage kawai. In wuta ta ɗauke ana saukewa, daga inda ya tsaya zai ci gaba. In wani fayil ya lalace, zaɓin Verify integrity of game files da ke cikin Steam zai sauya wannan fayil ɗin kaɗai. Ka kuma saita sabuntawa ta jira sai ka buɗe gem, in ba haka ba za ta cinye maka data ba ka sani ba.

Sai dai ba za ka iya sayar da gem ɗin ga wani ba kamar faifai. Ka kunna Steam Guard, wato ƙarin tsaron asusu na Steam, domin wanda ya sace asusun ya kwashe komai. In kuma intanet ɗinku na yawan yankewa, duba GOG, shi ma shagon gem ne na intanet: can za ka sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye a filash, ka girka ko babu intanet.