Amsoshin tambayoyinku: Motar lantarki, doguwar tafiya, da wayar cajin da za ta iya ƙona gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayoyi a kan motar lantarki sai ƙaruwa suke yi a wannan fili. Da can masu tambayar 'yan kallo ne. Yanzu kuwa yawancinsu sun riga sun biya kuɗi, ko suna dab da biya. Na tsamo guda biyar a wannan makon, duk a kan fita da motar wajen gari.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Dillali ya nuna mini BYD Yuan Plus da aka shigo da ita daga ƙasar Sin, ya ce caji ɗaya na kai ta kilomita 510. Ina zuwa Abuja sau biyu a wata. Za ta kai ni ba tare da na tsaya ba?

Amsa: Alhaji, ba za ta kai ka ba, kada ma ka gwada. Wannan 510 ba dillalin ne ya ƙirƙire ta ba, amma an samo ta ne daga gwajin CLTC na ƙasar Sin, wanda akasarinsa tafiya ce a hankali irin ta cikin gari. Ita wannan motar dai, da aka kai ta Turai da sunan Atto 3, gwajinsu na WLTP kilomita 420 ya ba ta. A can ma ba da zafin watan Afrilu na Kano aka gwada ta ba, ba kuma da mutum huɗu da kaya cike da but ba. Batirinta na ɗaukar wuta kusan yunit 60, irin yunit ɗin da kake saya a mitar gidanka. A babban titi, kana gudun 110 da AC a kunne, ka ƙiyasta za ta riƙa shan yunit 19 zuwa 20 a kowace kilomita 100. Abin da ke hannunka ke nan kilomita 300 ko ƙasa da haka, alhali daga Kano zuwa Abuja ya haura 400.

Saboda haka tafiyarka ta zama zango biyu. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, za ka shiga Kaduna da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na batir ba. Sauran hanyar, ta Kateri da Jere da Tafa har Zuba, tana neman kusan yunit 38, ban da ragowar da ya kamata ka isa da ita. Idan soket ɗin bango kawai ka samu a masauki, awa goma ba za ta ba ka fiye da yunit 20 ko ɗan sama ba, in ma wutar ta tsaya awa goman ke nan. Caja mai kilowat 7 da aka kafe a bango za ta biya maka buƙata cikin awa biyar zuwa shida. Yawancin tashoshin caji mai sauri na jama'a a Legas da Abuja suke, don haka kada ka bar gida sai ka yi magana baki da baki da wanda zai ba ka wuta a Kaduna, ka tabbatar cajarsa na aiki a ranar, kuma bakinta ya dace da motarka.

Gudu ne babban mai cin batir. Ka sauko daga 120 zuwa 90, za ka ga bambancin a allon motar kafin ka kai Kwanar Ɗangora. Cunkoso kuwa ba ya cutar da ita kamar yadda yake cutar da motar fetur, domin in tana tsaye AC ne kaɗai ke jan wuta mai yawa. Wajen kuɗi babu gardama: ko da farashin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawo kuma mafi tsada, na naira 225 a yunit da aka sanar a Afrilun 2024, cika batirin naira 13,500 ne. Kai ka san abin da wannan kuɗin ke saya a gidan mai yau. Amma ka san hanyar nan, ka san ba wurin da mutum zai so ya tsaya a gefen titi bayan la'asar ba ce. In tafiyar yini guda kake so, ka bar motar a Kano ta yi maka zirga-zirgar kasuwa da makarantar yara.

Tambaya, daga wani matashi a Katsina: Me zai hana in sa ƙaramin janareta a but in riƙa caji ina tafiya? Ko in shimfiɗa sola a rufin motar?

Amsa: Haba ɗan samari. Motar ba ta ma yarda ta motsa in an jona mata caja, haka aka ƙera ta. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin bai kai kilowat ɗaya ba, cajar ma ba za ta karɓi wutarsa ba. Sannan janareta a cikin rufaffiyar mota hayaƙinsa kashe mutum yake yi, mun sha jin iyalan da suka kwanta da shi a ɗaki ba su tashi ba. Sola kuma, babban faranti ɗaya mai wat 550 in ya sha rana yini guda zai ba ka kamar yunit biyu da rabi, tafiyar kilomita goma sha 'yan kai. Solar da za ta ciyar da mota a rufin gida ake kafa ta, faranti goma ko fiye. Ka bar wannan tunanin.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya: Na tara kuɗi da ƙyar na sayi Nissan Leaf ta hannu, ƙirar 2013. Alamar lafiyar batirin saura layi 9 cikin 12. Ina so in riƙa kai wa mahaifiyata ziyara Kaduna, amma ina tsoron ta mutu mini a hanya, kuma an ce mini batirin na iya fashewa saboda zafi. Ko an cuce ni ne?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, Allah Ya sa albarka a abin da kika samu da guminki. Layi 9 a motar da ta haura shekara goma ba abin mamaki ba ne. Yana nufin batirin na riƙe kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da yake riƙewa yana sabo. Batirin wannan ƙirar yunit 24 ne tun asali, don haka abin da za ki iya amfani da shi yanzu bai wuce yunit 15 ba, tafiyar kilomita 90 zuwa 100 in ana tafiya a hankali. Daga gida zuwa asibiti da kasuwa da makaranta, wannan ya ishe ki har da ragi. Motarki ta cikin gari ce, kuma a wannan aikin za ta yi miki hidima.

Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. Zuwa kaɗai za ta iya, in kin tashi da cikakken caji, ba ki wuce gudun 80 ba, kuma kin san za ki kwana ki yi caji a gidan Hajiya. Amma ragowar ta yi ƙanƙanta, ba na so in ji kin tsaya a Jaji ke kaɗai. Ni dai shawarata, ranar ziyara ki hau motar haya ko ki ari ta wani.

Batun fashewa kuma, zafin rana kaɗai ba ya fasa batirin. Abin da zafi ke yi masa shi ne tsufar da shi da wuri, kuma Leaf ta fi sauran jin wannan domin ba a sa wa batirinta ruwan sanyaya ba. Masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun koka da haka tun 2012. Ki riƙa ajiye ta a inuwa, kada ki bar ta cike taf a rana kwana da kwanaki, in kin dawo daga tafiya ki bar ta ta huce kafin ki jona. In har wata rana ta tsaya, kada ki yarda a ja ta da igiya, a ɗora ta a bayan mota a kawo ta.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a Abuja: Motata 'yar ƙasar Sin ce, bakin cajarta bai shiga tashar da ke kusa da ofishinmu ba. Na ga adafta a intanet da araha sosai, da wata doguwar ekstenshan da zan riƙa tafiya da ita don caji a otal. In saya?

Amsa: Malam, a nan ne zan ɗan daɗe, domin wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Mutum ya fitar da miliyoyin naira ya sayi mota, sannan ya tsaya yana neman ragin dubu biyar a kan wayar da duk wutar motar za ta bi ta cikinta. Ban taɓa gane wannan lissafin ba.

Gaskiya ne bakin caja iri-iri ne. Motocin ƙasar Sin GB/T suke zuwa da shi, na Turai CCS2, tsofaffin Leaf CHAdeMO, waɗanda aka ɗauko daga Amurka kuma CCS1 ko na Tesla. Wannan abu ne da ake tambaya kafin a biya kuɗin mota, kuma dillalai da yawa ba sa faɗa sai an matsa. Adaftar caji mai sauri ba roba da ƙarfe kawai ba ce. Wuta mai ɗaruruwan bolt da sama da amfiya 100 ke ratsa ta, kuma a cikinta akwai na'urar da ke sada bayanai tsakanin mota da tasha. Ta gaske ɗaruruwan daloli take ci. In ka ga wadda kuɗinta bai kai rabin haka ba, babu sunan kamfani, babu garanti, babu wanda za ka koma wa, to wani abu aka rage a cikinta, kuma ba za ka san mene ne ba sai ranar da ta narke a jikin motarka. Batirin da za ta lalata shi ne abu mafi tsada a motar gaba ɗaya.

Ekstenshan kuwa ita ta fi ba ni tsoro, don kowa gani yake ya santa. Dutsen guga na jan wuta mai yawa, amma minti kaɗan ne yana ɗaukewa da kansa. Mota kuwa amfiya 10 za ta riƙa ja ba tsayawa tun isha'i har asuba, kowa na barci. Ekstenshan ɗin da aka cika kasuwa da su, wayar cikinsu ba ta kai kaurin da aka rubuta a jiki ba, wasu ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari ya bayyana, ka mayar wa mai ita. Irin wannan wayar zafi take yi sannu a hankali har roba ta narke. Wadda ke naɗe a gammo kuma, in ba a warware ta duka ba, zafin taruwa yake yi a cikinta. Soket ɗin otal ma ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san wace waya ke bayan bangon ba, ba ka kuma san me da me aka ɗora wa layin ba. In dole ta sa ka yi caji a irin wannan wuri, ka jona kai tsaye a bango, ka rage cajar zuwa amfiya 8, bayan rabin awa ka taɓa fulogin. In hannunka bai jure zafin ba, cire.

A gida kuma, caja mai kilowat 7 amfiya 32 take ja. Tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 6 ko fiye in nisan ya yi yawa, da birekarta, da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba, da kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Wayar da ake ƙerawa a nan Najeriya tana da kyau, shi ya sa ma ake buga jabunta, don haka ka saya wurin dilan kamfani ka karɓi rasit, ka duba alamar hukumar SON. Sannan ga abin da ya fi ci mini rai: gidaje da yawa ba su da atin na kirki, wato wayar da ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, sai caja ta ƙi aiki, sai a kira mai wayarin ya yi mata dabara ya haɗe wasu wayoyi don ta yarda. Cajar da ta ƙi aiki saboda babu atin, ranka take karewa. Jikin mota ƙarfe ne, yara na jingina da ita, damina na zuwa. A kafa sandar atin a ƙasa yadda ya kamata, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Duk mai wayarin da ya ce maka ba komai, ka sallame shi ka nemi wani.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Sakkwato: Mota ɗaya ce ƙarfina. Nakan je Kano da Maraɗi ganin dangi. Na ji an ce akwai tashar caji a jami'armu. In sayar da ta feturin in sayi ta lantarki?

Amsa: Malam, kada ka sayar. Gaskiya ne hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, amma ta gwaji ce, kuma tasha ɗaya a inda ka tashi ba ta da amfani gare ka a Talata Mafara ko Gusau ko Funtuwa. Sakkwato zuwa Kano ya haura kilomita 500, kuma ka fi ni sanin halin hanyar. A Maiduguri ma da motocin lantarki na haya suka samu karɓuwa, cikin gari suke yawo su koma inda ake yi musu caji. In tsadar mai ce ta dame ka, ka duba motocin Toyota masu haɗa fetur da batir, irin su Prius da wasu Camry da Corolla. Ba a jona su da wuta, da kansu suke cajin ƙaramin batirinsu, kuma a cikin gari suna rage shan mai sosai. Kafin ka biya, ka sa makaniken da ya san su ya jona kwamfuta ya duba lafiyar batirin, ka kuma binciki lambar jikin motar, domin cikin waɗanda ake ɗaukowa daga gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye.