Waƙar da na samo a bakin turmi

Ɗana, na ga tambayarka, cewa kana son tsara waƙoƙin yabo amma duk abin da ka rubuta sai ka ji na wani ne kake maimaitawa, ina mawaƙa ke samo kalmominsu? Ni dai tsohuwa ce a zumuntar mata ta majami'armu a nan Zuru, na daɗe ina ba da waƙa ana amsawa, bari in faɗa maka yadda tawa ta farko ta zo.

Wata shekara damina ta yi mana gardama. Sau biyu muna shuka dawa tana ƙonewa, rumbu ya kusa ƙasa, ga goyo a bayana. Ranar da ruwan ya sauko, cikin dare ne. Da asuba na fito daka, ƙamshin ƙasa ya cika gida, kwaɗi sai kuka suke a fadama, maigidana ya saɓi fartanya tun gari bai waye ba. Ina luguden taɓarya sai na ji bakina yana cewa, "Wanda ya tuna da kunya, ba zai manta da ni ba." Kunyar gona nake nufi. Taɓarya ce ta ba ni kiɗan, shi ya sa da muka kai waƙar majami'a aka ɗora mata kiɗan tulu da kacau-kacau, ta zauna daram. Matan da suka amsa ranar, kowacce ta san abin da ake nufi da sake shuka, wasu har da hawaye.

Daga baya fastonmu ya buɗe mini Zabura 65, inda Dawuda yake yabon Ubangiji don yana jiƙa kunyoyi, yana tausasa ƙasa da yayyafi. Ashe an riga ni. Duba kuma Zabura 131, ya kwatanta ransa da yayayyen yaro a jikin uwarsa. Sai wanda ya ga rigimar yaye a gida, ya ga ranar da yaron ya haƙura ya kwanta lamo, zai faɗi haka. Ni ban gane ayar ba sai da na yaye na uku.

Har na cikin Littafin Waƙoƙi da aka fassaro mana, haka suka samu. Carl Boberg na ƙasar Siwidin, hadari da tsawa ne suka rutsa da shi a 1885, da gari ya lafa ya rubuta tasa a kan girman Allah. Horatio Spafford kuwa, lauya a Shikago, 'ya'yansa mata huɗu ne suka nutse a Tekun Atlantika a 1873, daga wannan makoki tasa ta fito.

Abin da ke damuna da ku matasa, kuna ɗauko muryar waƙar waje ku cusa mata Hausa, karin kalma ya karye, tsofaffi su kasa amsawa. Fara faɗin maganar da baki yadda za ka gaya wa kakarka, muryar tana cikinta. Amshi kuma ya zama gajere.

Kaka ta kusa. Je ka taya su yankan dawa, ka zauna wurin sussuka ka saurari matan. Abin da ka samo, kai wa fasto ya auna shi da Littafi Mai Tsarki, sannan ka turo mana nan, zan gwada shi da matanmu kafin sujadar godiya.