Amsa: Dubiyar maƙwabci Kirista

Ɗan uwa, kana tambaya ko ya halatta ka je duba maƙwabcinka Kirista da ke kwance a asibiti. Eh ya halatta, maza ka je tun yau. Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma a Bukhari Annabi (SAW) da kansa ya je duba wani yaro Bayahude da ke masa hidima. Su ma Kiristocin a addininsu an umarce su da son maƙwabci kamar kansu.

Sharaɗi ɗaya ne dai, kar ka shiga ibadarsu. Lokacin ina zaune a Sabon Gari maƙwabcina ya yi haɗari a babur, na kai masa fulas ɗin shayi da lemo, muna cikin hira sai ga fasto da 'yan coci sun zo addu'a, na tashi a hankali na fita baranda har suka gama, na dawo na ce Allah ya ba shi lafiya. Wallahi ba wanda ya ji haushi, matarsa ma har bakin get ta rako ni tana godiya.